Shehin Bangon Ɗakin Kaka

A shekarata ta biyu a lise, wato babbar sakandare, mushen tarihi, malaminmu ke nan, ya ba ni aikin da na fi tsoro, wato in tsaya gaban aji in yi bayani. Batun shi ne yadda jaridun Faransa na dā, fiye da shekara ɗari baya, suke zana malaman coci don yi musu ba'a, lokacin da ake ja-in-ja kan raba addini da gwamnati. Ya ara mini fotokopi shida na zane-zanen, ya ce ba shi da wasu, kuma duk Dakoro ba zan samu ba. Na sa musu lamba a baya da fensir, na adana cikin kaye, littafin rubutuna.

Ranar Juma'a na duba, babu na huɗu.

Na zazzage jaka, na ɗaga tabarma, na leƙa har akurkin kaji. Sai da na kai wa kakata ruwan alwala na gan shi a bangon ɗakinta, cikin leda, an kafe shi da ƙusa tsakanin hotunan shehunai biyu.

Kaka ba ta barin takarda mai rubutu a ƙasa, ko da ta ƙunshin ƙosai ce. A tsakar gida ta tsince shi. Idonta ya yi yana, don haka abin da ta gani dattijo ne mai gemu da doguwar riga, carbi a ɗamara, ya ɗaga ido sama. Ba ta lura ba cewa bisa gadon bayan wani ramammen manomi mai rarrafe yake zaune, hannunsa ɗaya cikin buhun hatsin mutumin.

"Maigida," haka take kirana, "ka ga bawan Allahn da ka yar a ƙasa? Wanga wane shehi ne? Balarabe ne ko?"

Na ce, "Eh to," na fice.

Kwana biyu ina zagaye ɗakin. Litinin zan yi bayani in mayar da takardun. Na yi tunanin in ɗauke shi a ɓoye, na kasa. Ga shi ta riga ta nuna wa maƙwabciyarta, har matar ta shafa ledar ta shafa a fuska. In na faɗi gaskiya, na kunyata tsohuwa.

Lahadi da hantsi na ciro shi, na same ta a ƙofar ɗaki tana gyaran yakuwa.

"Kaka, ba shehi ba ne. Malamin coci ne, na Nasara."

"To? Ba Allah yake kira ba?"

"Ba'a aka yi masa. Dubi abin da ya hau."

Ta kawo takardar har kusa da hancinta, ta karkata ta wajen rana.

"Ba jaki ba ne?"

"Mutum ne."

Ta ƙura wa takardar ido har na fara da-na-sani. Can sai ta tuntsure da dariya, har da tari.

"Ashe su ma Nasara suna da irinsa!"

Ta ce a ƙauyensu, wajen Bader Goula, akwai wani malami da ba a ganinsa sai an ɗaure damman hatsi. Da jakai biyu yake zuwa, kuma gonar da ta fi albarka ita ke samun doguwar addu'a. Ubanta yakan ba shi, ya raka shi har bakin hanya, sannan ya dawo gida yana kwaikwayon tafiyarsa.

"Kawo sauran, marowaci."

Na kawo. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ina fassara mata rubutun ƙasa. Wanda aka zana malaman da fikafikan hankaka bai yi mata ba, ta ce wannan kam ya wuce wasa. Ta tambaye ni ko an bar mai zanen da ransa, na ce ban sani ba, ta ce to mi muke karantawa a lakol ɗin.

Ta miƙo mini na huɗun, har da ledar.

"Maida wa mai shi. In maƙwabciya ta tambaye ka, ka ce shehi ya yi tafiya."