Na Gama Neman Gafara, Ba a Yi Aikin Ba

Ni dai bakina ba ya riƙe magana. Ranar da hoton ciki ya nuna ƙullutu mai ruwa a wata gaɓa da ke bayan tumbina, likitan Funtuwa cewa ya yi wataƙila a yi aiki. Kafin in iso garinmu Yankara na yar da wataƙilar a hanya.

Na bi gida-gida ina neman gafara, kamar yadda ake yi. Liman ya sa aka yi mini addu'a bayan Juma'a. 'Yan uwa suka zo daga Sabuwa da kaji, har maƙwabcin da muka shekara muna gaba kan iyakar gona ya rungume ni yana hawaye. Gaskiya abin ya yi mini daɗi.

Yayata ce ta raka ni babban asibiti a Zariya. Likitar da muka samu a can ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce ƙullutun ƙarami ne, ba ta ga alamar mugun abu ba. Aikin kuwa babba ne, akwai wanda ke fita da ciwon suga, akwai wanda ba ya tashi. Shawararta a sa masa ido, in riƙa zuwa hoto, in ya sauya a cire. Amma ta ce zaɓi nawa ne.

Maimakon murna sai zufa ta karyo mini. Da wane ido zan dubi mutanen gari?

"A yi aikin kawai," na ce.

"Saboda me, Malam?"

Yaya ta harare ni.

"Likita, kunyar mutane yaka ji. Ya gama bankwana da gari. Kai, don kajin Sabuwa za ka bari a hwarke ka?"

Likitar ta sunkuyar da kai, tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce a sa idon.

Da muka dawo, ta bayan gari na zaga. Na tarar da Inna, mahaifiyata, a ɗaki. An ce rabonta da tuwo tun tafiyarmu. Ita da ba ta ko kama sunana, ta ɗaga rigata ta shafa cikina, ta ji babu ɗinki, sai ta kife goshi a tabarma tana kuka.

A gaban likita na tuno da liman, na tuno da maƙwabci. Ita ce ban tuna ba.