Jegon Akuyar Habi

A Gazawa, a shekarun da aka karɓi mulkin kai, in ka ce Habi mai ƙuli ba wanda zai tambaye ka wace. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin baki, kuma in ta ƙulla abu a ranta, to sai dai ka kauce mata. Sana'arta matsar man gyaɗa. Lokacin kuwa gyaɗa ta yi albarka ƙwarai, gidanta kullum ƙamshin suya, tunkuza cike da kwanduna.

Ranar da aka yi ta kaɗe-kaɗe a bakin kasuwa wai Nasara ya miƙa mulki, Habi ko leƙe ba ta yi ba. Tana ɗakin surukarta Talatu, matar ɗanta Labo, tana karɓar jikanta na fari. Tsakiyar damina ce, kowa na gona, sai yaro ya tashi da Nomau a bakin mutane.

Wata uku da haihuwa zazzaɓi ya kwantar da Talatu. Ta tashi, amma nono ya ƙafe ƙaf. An yi jiƙe-jiƙe, an yi shafe-shafe, shiru. Babu mai goyo a dangi da za a kai mata shi. Aka gwada nonon shanu, yaro ya dawo da shi ta baki da hanci. Nomau ya fara yaushi, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako.

Sai Habi ta tuna da jar akuyarta da ta haihu kwanan nan, wadda take kira 'Yar Ja. Ta tatso, ta tafasa, ta fifita, ta ɗiga masa a baki da ƙaramin ludayi. Yaro ya haɗiye. Ta ƙara, ya haɗiye, ya kama ludayin da dasashi bai son saki. Kafin sati ya zagayo kumatu sun fara dawowa. Habi ta rasa inda za ta sa kanta don murna, duk wanda ya zo sayen ƙuli sai an ɗauko masa Nomau ya gani.

To, nan ne fa Habin ta yi abin nata. Ta ce tunda akuyar nan ita ke shayar da jikanta, ai mai jego ce, kuma jego za a yi mata kamar kowace 'yar mutunci. Ta hana ta fita kiwo. Ta kafa mata turke a inuwa bakin ɗakinta. Da safe dussa, da rana tunkuza, da marece jiƙaƙƙen gero. Labo ya sauko mata da damin harawa daga kan rumfa, ta ture da ƙafa.

"Wannan kayan ƙaiƙayin za ka ba uwar ɗanka? Kai wa jaki."

"Inna, ai da shi ta saba."

"Da ta saba, yanzu ta samu matsayi."

Abin haushi, kwana huɗun farko nono ya ƙaru, hantsa ta cika tam. Ina mai iya tanka wa Habi a lokacin? Ta bi maƙwabta tana koya musu kiwon akuya, ta dawo ta ninka awo. Rana ta biyar ta zuba mata gero ƙwarya guda, ta tsaya tana kallo har ta lashe.

Da gari ya waye ta fito da ƙwaryar tatsa, sai ta tarar da 'Yar Ja tsaye kai a ƙasa, kunnuwa sun faɗi. Cikinta na hagu ya kumbura, tana zawo mai warin tsami, tana cizon haƙora. Habi ta durƙusa ta ja hantsa, abin da ya fito bai rufe gindin ƙwaryar ba. A ɗaki kuwa Nomau ya farka yana kuka. Tsoro ya kama Habi irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Maƙwabciyarsu Zainabu ta tatso tata akuyar mai ciki, aka samu ludayi uku da ƙyar. Kafin azahar 'Yar Ja ta kwanta. Labo ya duba, ya ce gara a yanka kafin ta zama mushe, ya fita ya dawo da Rabo mahauci.

Rabo taubashin Habi ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ya shigo da wuƙa a hannu, Habi ta tsaya tsakaninsa da turken.

"Ka fara yanka ni tukuna."

"Ke naman me gare ki? Matsa in gani."

Ya tsuguna ya buɗe bakin akuyar ya sansana, ya kau da kai. Ya danna cikin, ya ji ruwa na ƙugi. Ya dubi kwanon dussa da ƙwaryar gero, ya tambayi yaushe rabonta da ciyawa. Talatu ta ce daga bakin ƙofa, a hankali, kwana shida, jego ake mata.

Rabo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya ga idon Habi ya cika da hawaye, sai ya bar dariyar.

"Habi, shekara talatin ina buɗe tumbi. Cikin akuya ba irin namu ba ne. Abu mai kaushi take so, ta haɗiye, ta dawo da shi baki ta yi ta tuƙa, yawun da take haɗiya shi ke kashe tsamin ciki. Hatsi ba ya dawowa baki, can yake zama ya yi tsami kamar ƙullun da ya kwana uku. Na sha buɗe ragunan layya da aka ɗura wa gero, fatar tumbin tana saluɓewa a hannu. Cikin jegon nan naki abu ɗaya ne zai yi mata amfani, shi kuma kika manta. Ina kanwa?"

Aka jiƙa kanwa, ya ɗaga kan akuyar ya ɗura mata kaɗan-kaɗan. Ya sa aka kwashe dussa da gero, aka ajiye mata busasshiyar harawar nan da aka ce ta jaki ce. Ya ce a riƙa tayar da ita ana zagayawa da ita. Sannan ya goge hannu ya ce zai dawo gobe da hantsi. In ta yi tuƙa, ta tsira. In ba ta yi ba, ba zai bari ta mutu a banza ba.

Ranar Habi ba ta hura wutar suya ba. Ta goya Nomau, ta ja akuya, suka yi ta zagaya tsakar gida su uku, yaron yana kukan da ba ƙarfi a cikinsa. Da la'asar 'Yar Ja ta sansana harawa, ta tsinke ganye biyu, ta bari.

Washegari Habi ta ja kujera gaban turke, ta kafe wuyan akuyar da ido. Hantsi ya ɗaga. Ta ji sallamar Rabo a zaure, ta ƙi amsawa. Yana shigowa 'Yar Ja ta miƙe wuya, ta yi gyatsa mai ƙarfi, sai ga wani ɗan dunƙule yana hawowa ta maƙogwaro. Ya iso baki. Muƙamuƙi ya karkata gefe, ya dawo, ya sake karkata.

Habi ta rangaɗa guɗa. Ta zabura waje ba mayafi, ta dawo, ta sake fita, tana gaya wa duk wanda ta gani cewa tana tuƙa. Matan unguwa suka cika gidan suna tambaya wa ya haihu. Suka tarar da mata biyu da mahauci sun kewaye akuya suna kallon bakinta, Talatu tana kuka tana dariya.

Nonon bai dawo a ranar ba. Zainabu ta yi ta yawon gidaje tana haɗo ludayi-ludayi har kwana uku, a na huɗu hantsa ta fara nauyi. Nomau ya sha ya ƙoshi, ya yi barci da nono a gefen baki.

Daga nan har ƙarshen rayuwarta Habi ba ta sake ba akuya dussa ba sai ta cika ciki da harawa tukuna, dussar ma tafin hannu ɗaya. In ta shiga gidan mutane, kafin ta gaisa sai ta tsaya bakin turke ta ga ko ana tuƙa. Rabo kuwa bai bar ta ta huta ba, ko'ina ya hango ta sai ya tambayi lafiyar mai jego.

'Yar Ja ta tsufa har haƙoranta suka zube, ta daina haihuwa. Rabo ya zo da igiya ya ce a ba shi ita tun tana da sauran nama. Lokacin Nomau ya shiga lakol, wato makarantar boko. Habi ta ce ya je ya tambayi mai ita. Nomau ya je ya zauna a gindin turken, ya shiga murtsuke mata harawa da hannu don ta iya ci. Rabo ya naɗe igiyarsa ya fita.