Injin Ciyawar Malam, Bayan Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, wanda har ya koma ga Allah ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam. Kuma sai bana na taɓa injinsa na yanke ciyawa da hannuna.

Filin bayan gidanmu a unguwar Soundview bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, amma Malam gona ya ɗauke shi. Duk watan Afrilu, da sanyi ya saki, zai jawo injin daga gareji, ya kifa bokiti ya zauna, ya kwance fulogi ya goge, ya juye tsohon fetur ya zuba sabo. Ni kuwa ina tagar kicin ina yi masa tsiya: mutum ya baro gonar ubansa a Maraɗi, ya zo Amurka yana noman ciyawa, ko akuyar da za ta ci ba shi da ita.

Bayan rasuwarsa maƙwabcinmu Alhaji Sani, mutumin Kumasi, ya ɗauke mini wannan aikin. Bara ya koma gida Kumasi. Nan ɗanmu Nasiru ya samu bakin magana.

"Mama, gidan nan too much ne. Ki sayar ki dawo wajenmu a unguwar Mount Hope. Ko ciyawar nan wa zai yanke miki?"

Na san tausayi ne, amma a gidan nan Malam ya cika, ba na son barinsa. Na ce ya zo ranar Asabar ya gani. Cika baki kawai na yi.

Ranar Juma'a na ja igiyar injin har kafaɗata ta sage, ko tari bai yi ba. Na zauna na yi kukana, ina hango kaina a gidan Nasiru, can hawa na shida, ina leƙen titi ta taga. Da na gaji na buɗe tankin, warin fetur ɗin da ya shekara ya doke ni. Sai na tuna Malam yana cewa fetur ma kamar koko yake, in ya kwana ya lalace. Na juye shi a galan, na sayo sabo. Fulogin kuwa, hannuna ne ya san inda yake tun kafin in yi tunani, na kwance na goge. A ja na huɗu injin ya kama, na sauke wata ajiyar zuciya da na daɗe ban yi irinta ba.

Da Malam yana nan, na san ba zai raga mini ba. Zai dubi layukan da na yanka a karkace ya ce, "To Hajiya, ashe kallo kike yi."

Gaskiyarsa ne. Ban gaji haƙurinsa ba, ban gaji iya lissafinsa ba, amma shekara ashirin ina zaton tsokanarsa nake yi, ashe karatu nake ɗauka. Allah Ya jiƙansa.

Nasiru ya zo Asabar, ya tsaya ya daɗe yana kallon filin. Sannan ya tambaye ni ko kwanon gareji yana yoyo, ya zo ya gyara mini kafin wani sanyin.