Kyamara Biyu da Hannuwan Goggo

Ana idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da 'yar farina, daga Azare za mu Kano. Kun san ba a kama sunan ɗan fari, ba kuma a yabonsa a gaban mutane. Sunan dai ba zan kama ba, amma yabon nan yau sai ku yi haƙuri da ni.

Ga abin da ya fitar da mu. Yarinyar nan ta daɗe tana ɗaukar hoto da waya a bukukuwa, wurin kamu da sa lalle, inda masu gida ba sa son namiji ya kutsa cikin mata. Da matan unguwa suka fara nemanta da kansu, sai ta ce sana'a za ta mayar da abin, kyamara take so ta gaske. Babanta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a je Fagge a sanar da yayarsa, wadda duk muke kira Goggo. In ta yarda ya yarda, in ta ƙi zancen ya mutu. Na shiga mota ina ta addu'a, don kaf dangi babu wanda bai san yadda Goggo ta fatattaki mai hoto da mafici a bikin jikanta ba.

Hanya ta yi kyau, damina ta zauna, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Kogin Jama'are ya cika ya batse. Kuɗin mota kuwa ya kusa ninka na bara, amma wurin zama bai ƙaru ba ko da taƙi ɗaya. Direba ya cusa mu kamar tsumma a matashi, ya kuma ce mu gode Allah motarsa tana da faɗi. A Wudil muka sayi soyayyen kifi da yaji ta taga. Ni ina fama da ƙaya, ita tana fama da waya, wai hasken da ke kan ruwa take ɗauka.

Daga tasha adaidaita sahu ya kwashe mu zuwa Fagge. Wanda bai ga bakin Kantin Kwari da hantsi ba bai san cunkoso ba. 'Yan dako da dilolin atamfa a ka suna ratsa motoci, kowa yana ihu a ba shi hanya, babu mai bayarwa. Tun daga bakin lungu ƙamshin turaren wuta ya gaya mana mun iso, don sana'ar Goggo ke nan, gadon iyayensu da suka taso daga Barno tun kafin a haife ta. Ta tarbe mu da burabusko da miyar yakuwa, sai da muka ci muka yi nak sannan ta bari na buɗe baki.

Ta saurare ni har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ni ba hoton nake ƙi ba. Masu hoton ne ba su da kunya. Kina zaune, yaro sa'an jikanki ya tsaya miki a ka ƙerere, ya zuba miki ido, ya ce ɗago kai Hajiya, sannan ya watsa miki wuta a fuska. Abin da za ku koya wa 'yar ƙanina ke nan?" Na shiga ba ta haƙuri. Yarinyar kuwa kanta yana ƙasa. Da ƙyar Goggo ta ce mu je mu ga kayan tukuna, gani ai ba saye ba ne.

Washegari ɗan Goggo, mai shagon yadi a Kwari, ya raka mu Kasuwar Sabon Gari. Mun bi ta gefen kasuwar Singa, inda katan-katan na taliya da madara suka kusa tare titi, muka ratsa layin masu fanka da rediyo, kowane shago da nasa kiɗan, har kunnena ya fara amsa kuwa. Mai shagon kyamarar da ya kai mu wurinsa Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta Kano tsantsa, har tsokanata ya yi wai tawa ce ke da gyara. Sun daɗe tare da ɗan Goggo, a shagon yadinsa matar Ibon take yankan leshin zuwa coci.

Kyamara biyu ya ajiye mana, duka na hannu amma masu lafiya. Ɗaya 'yar mitsitsiya, ba ta fi sabulun wanka ba, ka danna kawai ta yi komai da kanta. Ɗayar babba ce baƙa, ana cire idonta a sa wani, allon bayanta kuma yana ɗagowa kamar murfin akwati. Ya ce sunanta miralas, wai don ba ta da madubi a ciki. Ni tela ce, ban taɓa jin an yi tallar abu da cewa ba shi da madubi ba. Da ya faɗi kuɗinta sai da na nemi kujera, don zai saya min keken ɗinki har da canji.

Nan take zuciyata ta kwanta da ƙaramar. Ba don araha kaɗai ba. Na hango 'yata tana ratsa unguwa da wannan baƙin abu a wuya kamar 'yar jarida, na kuma hango bakin mutanen garinmu. Ƙaramar kuwa sai ta jefa a jaka, ta rufa hijabi, babu wanda ya san me ta fita yi. Ita kuma ta ɗauki babbar ta ƙi ajiyewa, tana ta tambayar mai shago yadda take yi a ɗaki mai duhu. Da ya ga mun kasa daidaitawa ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kada ku yi faɗa a shagona. Ku je ku kwana da su duka biyun, wadda ta yi muku ku riƙe. Ai na san gidan."

Muna isa Fagge bayan la'asar hadari ya haɗo, aka ɗauke wuta, ɗakin Goggo ya yi duhu sai ɗan hasken bakin ƙofa. A nan take zaune a tabarma tana cuɗa itacen turare a faranti, kasko yana hayaƙi a gefenta. Don in nuna gwanintar ƙaramar na ce a gwada ta a kaina. Ai kuwa ta watso haske fau! Hoton ya fito idona a zare kamar wadda aka kama tana satar nama a tukunya. Goggo, da ba ta jima da yin aikin ido ba, ta kare fuska da gefen mayafi ta ja tsaki. Na ce a raina shi ke nan, da hannuna na kashe maganar.

Sai na ga yarinyar ta ɗauki babbar, ta je gaban Goggo ta durƙusa kamar mai gaisuwa. Ta ɗora kyamarar a cinya, ta ɗago allon, ta sunkuyar da kai tana dubansa. Ta ce, "Goggo, ki yi min izini in ɗauki hannuwanki kawai." Goggo ta ce hannu dai ba fuska ba, ta runtse ido tana jiran wuta. Wuta ba ta zo ba. Ta buɗe ido ta ci gaba da cuɗa turarenta, can ta ce, "Kin fasa ne?" Yarinyar ta ce ai ta gama.

Jama'a, ban san hannu yana da labari ba sai ranar. Ga jan lalle a yatsu, ga zoben azurfa da ya shige cikin fata, ga jijiyoyi, ga siririn hayaƙi yana ratsawa, duk a cikin duhun nan ba tare da an haska kowa ba. Goggo ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, har na tsorata. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan ki kai wa ubanki." Sannan ta dube ni ta ce, "Kin lura? Ba ta tsaya min a ka ba, ba ta kuma kalli tsabar idona ba."

Da safe muka tarar Goggo ta yafa lafayarta ta ganin sarki, ta zizara kwalli, ta hakimce a kujera, wai yanzu a ɗauki fuskar. Na lallaɓa na kawo zancen ƙaramar, na ce ita dai tana shiga jaka, ba ta jawo ido. Goggo ta galla min harara ta saman tabarau. "Sata za ta je yi da za ta ɓoye? Ke kina ɓoye kekenki ne? Ta rataya abarta a wuya kowa ya gani." Haka muka biya kuɗin babbar, muka mayar wa mai shago 'yar sabulunsa, ya ce dama ya san wadda za ta dawo.

Mun iso Azare gab da magariba da ƙullin turare da tsarabar gurasa. Babanta yana zaure. Yarinyar ce ta durƙusa ta miƙa masa kyamarar da hoton hannuwan a allo, ba ta kuma faɗi ko na wane ne ba. Ya kalla, ya matso da shi kusa, sai na ga ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hannun Inna ne wannan sak." Mahaifiyarsu ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Sai a lokacin na gane abin da Goggo ta daɗe tana kallo.

Na tafi Kano ina neman abin da zai ɓoye min 'yata, na dawo na fahimci tsoron bakin mutane ne ya kusa zaɓa mata kayan aiki. Ba girman kyamara ya shawo kan Goggo ba, ladabin mai riƙe da ita ne, kuma wannan ba a Sabon Gari muka sayo shi ba, da shi muka tafi.

Ranar Asabar aka kira yarinyar wani kamu a bayan kasuwa. Ta fito da baƙar kyamararta a kan hijabi, maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofar gida. Wata ta tambaye ni, wai 'yar wa ce wannan da kayan 'yan jarida? Ta san amsa sarai, so take in yi kara in kau da kai. Na gyara tsayuwa na ce mata, "Tawa ce."