Inda Tafiyar Baba Direba Ta Tsaya

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin motar wata makarantar 'yan mata. Duk ƙarshen zango shi ke kwasar ɗalibai zuwa tsohon birnin nan mai ganuwa, ya sauke su a bakin ƙofa, ya ja mota gindin bishiya ya zauna gadinta. Su shiga su sha kallo, su fito suna labarin hasumiya da gidan tarihi, shi kuwa ko leƙawa bai taɓa yi ba. Kullum cewa yake akwai lokaci.

Da ya yi ritaya sai ya samu wata ƙaramar tsohuwar mota, ya yi ta lallaɓa ta wajen bakanike har ta tashi. Ya tsara wa matarsa tafiyar da za ta cinye dogon hutu: su fara da tsohon birni, su wuce wajen 'yarsu ta fari, daga nan sai bakin teku. Ta yi dariya, ta ce ashe da furfura za su yi yawon amarci. Abin da bai gaya mata ba shi ne idonsa na dama ya daɗe da yin hazo, na hagun ma ya fara bin sahu.

Suka kama hanya kafin zafi ya tashi. Ta lura ya manne da sitiyari yana ƙanƙance ido, manyan motoci na ta danna masa hon. Daf da ƙofar birni rana ta haske masa gilashi. Sai da ta damƙe hannunsa sannan ya taka birki. Ashe kurar mai lemo ce a gabansa, har ya tunkuɗe ta, lemo na ta gangara kan titi. Mutumin bai zage shi ba, ya leƙo kawai ya ce, "Baba, ka bar wa yara tuƙi."

Duk da haka suka shiga. Mai zagayawa da baƙi na nuna zanen bango da rubutun saman tsohuwar ƙofa, jama'a na ɗaukar hoto. Baba Direba ya ɗaga kai inda ya ga sun ɗaga, bai ga komai ba sai wani jan dishi-dishi. Ya riƙa gyaɗa kai kamar kowa. A matakalar hasumiya ya tarar da duhu, ya ja da baya, ya ce gwiwarsa ce.

Matar ta zauna kusa da shi a kan dakali.

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun bara."

Ya roƙe ta ta faɗa masa abin da ke jikin bangon. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce akwai wasu layuka da suka sarƙe, da wani abu kamar tsuntsu, ko kuwa ganye ne. Ya ce ta bar shi haka, ya gode.

A motar haya suka koma gida, shi a kujerar baya, ƙullin kayansu a cinyarsa. Duk lokacin da direban ya sa giyar motar sai ta yi kuka. Bakanike ne ya je ya ɗauko tasu motar daga baya. Likita ya duba idon, ya ce an makara, sai dai a riƙa ɗiga magani don a riƙe ɗan abin da ya rage. Motar na nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Idan maƙwabta suka tambayi yadda tafiya ta kasance, matar ce ke amsawa.