Rufin ɗakina a cikin kwalba

Mata, ku matso ku ji, yau rufin ɗakina ya shiga makarantar boko!

Ruwan safen nan ne ya tashe ni, yana zuba a kan gadona. Na ɗaga kai, sai ga sama tana leƙo ni. An yanke kwanon ta wajen bango, faɗin faifai! Ni da na fara rufin kwano a layinmu nan Garwa, tun kowa na kwana ƙarƙashin bunu!

Maƙwabciyata ta ce jiya ta ga jikata Hadiza a kan tsani, ƙawayenta na riƙe mata. Na figi mayafi sai lise, makarantar su Hadiza.

Na same su sun kewaye tebur, sun zuba wa kwalba ido. Kwanona ne a ciki gutsi-gutsi, wani ruwa na cin sa, yana tafasa ba wuta!

Na ce, "Ke Hadiza, wa ya aike ki?"

Ta ce, "Kaka, Mushe malaminmu ne ya ce kowace ƙungiya ta kawo tutiya, ga ta kuwa a jikin kwano. Iska muke haɗawa, idirojen."

"Iska? Wadda Allah ya ba mu kyauta?"

Malamin ya ce, "Haƙuri, Dada, tsaya ki gani." Ya tari iskar a 'yar kwalba, ya ƙyasta ashana. Fat! Yara suka hau tafi.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "A'a, in ta ƙone ruwa take zama." Har da nuna mini 'yar raɓa a jikin kwalbar!

Na ce, "Ɗan nan, ashe ruwa kake nema? Ɗauko bokiti ka biyo ni, katifata cike take!"