Tambayoyin da suka sa na ɗauke mahaifiyata daga ƙauye

Shekarun baya, lokacin ina gadi a wani kanti a Mesaimeer, a ƙasar Qatar, na haɗu da wani mai tambaya da har yau ban san ko waye ba.

Ranar Juma'a ce, ranar hutuna. Bayan masallaci ni da abokina muka zauna shan shayi kusa da kasuwar Abu Hamour. Sai ga mutum da kati rataye a wuya da babbar waya a hannu. Ya yi sallama da Hausa, Hausar ma irin ta yankinmu. Nan take shayin ya fita raina.

Ya ce aiki aka ba shi. Wai ana bin mutanen ƙasashe daban-daban ana tambayarsu ko an taɓa yi musu sata ko fashi, a gida da kuma nan, don a ga inda abin ya fi yawa. Ya ce ba a rubuta suna.

Abokina ɗan birni ne, bakinsa ba birki. Ya gyara zama ya ba shi labarin wayarsa da aka fizge a adaidaita, har da yadda ya bi ɓarawon da takalmi ɗaya. Suna ta dariya.

Ni ban yi dariya ba. An taɓa ɗauke ni. 'Yan bindiga sun riƙe ni a daji har damina ta wuce, sai da aka sayar da gonar mahaifina aka karɓo ni. Wanda ya kai musu labarin gidanmu kuwa ba da bindiga ya zo ba. A majalisa yake zama da mu, yana tambaya cikin fara'a: shanu nawa suka rage, wa ke kwana a zaure. Shi ya sa da na taho Qatar ba wanda ya sani a ƙauye sai mahaifiyata. Kowa ya ɗauka ina Legas ina dako. In aka ji ɗanta yana ƙasar Larabawa, ita za a zo ɗauka.

Mutumin ya juyo kaina. "Malam, kai fa? Daga wace jiha?"

Na faɗi wata da ban taɓa takawa ba.

"Amma harshenka kamar na wajenmu."

"Kunnenka ne."

"To. A gida an taɓa yi maka sata ko fashi?"

"Ko allura."

"Gidanku akwai katanga? Ana kulle ƙofa? Akwai kare, ko 'yan sintiri? Mutum nawa ke kwana a ciki?"

Na ajiye kofi. "Wa ya aiko ka?"

"Wallahi haka aka tsara tambayoyin, duba ka gani." Ya miƙo mini wayar. Ni da ban yi boko ba, ko sunan ubana ne a ciki ba zan gane ba.

Sai abokina ya ce, "Haba, kai ma dai! Bawan Allah na neman abincinsa. Kai kuma Malam mai tambaya, rabu da shi, ɗan wajenku ne. Tsohuwarsa ce kaɗai a gida, da awakinta." Har sunan ƙaramar hukumarmu sai da ya faɗa.

Mutumin ya taɓa wayarsa. Me ya danna, ban sani ba. Na ce, "Khalas," wato shi ke nan, na tashi.

Kafin la'asar na kira mijin ƙanwata da ke cikin gari, na ce gobe ya nemi mota ya je ya ɗauko Inna. Sannan na kira ta.

Ta ce, "Ɗan nan, gerona ya fara fitar da kai. In tafi in bar shi don wani ya tambaye ka ko muna da kare?"

"Inna, ki shiga mota."

"To ai ba mu da karen ma!"

"Shi ya sa."

Da aka karɓo ni daga daji, ita ta yi jinyar sawun igiya a hannuwana. Washegari ta shiga motar. Awakin aka raba wa maƙwabta.

Daga baya wata nas 'yar Filato da ke aiki a Qatar ta ce mini ita ma an yi mata tambayoyin nan, har da Indiyawan da suke aiki tare. Ta yi mini dariya sosai. Mai yiwuwa gaskiya mutumin ya faɗa. A ƙauye ma ba wanda ya zo neman Inna.

In haka ne, to a lissafinsu akwai wani ɗan Arewa da ko allura ba a taɓa sace masa ba. Na san ba ni kaɗai ba ne. Wanda aka fizge wa waya zai ba ka labari har da dariya. Wanda ya kwana a ɗaure zai ce maka lafiya lau. Ban san yadda suke auna wannan ba.

Inna tana gari har yau. Duk kiran da na yi sai ta yi ƙorafin hayaniya da ruwan sayarwa, ta ce na raba ta da gonarta a banza. Ina barinta ta gama. Ni dai gara na ji muryarta tana faɗa a tsakar gidan ƙanwata da na ji ta tana kuka a wayar wani.